A Bar Mana Littattafan Agatha Christie a Ɗakin Karatu



A taronmu na ƙarshen wata, wasu daga cikin dattawanmu sun nemi a kwashe littattafan Agatha Christie daga ɗakin karatun matasa na ƙungiya. Abin da ya jawo maganar shi ne wani yaro ya tafi gida da Murder on the Orient Express, mahaifinsa ya tambayi ma'anar sunan, aka ce masa labarin kisan kai ne a cikin jirgin ƙasa. Suka ce garin da ya ga jini irin Kafanchan ba ya buƙatar littafin da zai koya wa yara kisa. Muna girmama furfurarsu, amma mu a kwamitin gudanarwa ba mu yarda da wannan ba.

Agatha Christie 'yar Ingila ce, an haife ta a 1890, ta rasu a 1976, ta bar littattafan binciken laifi har 66. Wannan da ake magana a kai ya fito a 1934. Jirgi ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tare shi a hanya, gari ya waye aka tarar da wani fasinja mai suna Ratchett a mace, da sukan wuƙa 12 a jikinsa. Mai bincike Hercule Poirot bai ce "mutanen ƙasa kaza ne, mun san halinsu" ba. Akwai ma wanda ya nuna masa wani ɗan Italiya, wai su ne masu wasa da wuƙa, bai kama shi a kan haka ba. Ya zaunar da fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, ya ji ta bakin kowa, ya duba agogo da tokar takarda, ya gwada maganar wannan da ta wancan.

To, iyayenmu, wannan shi ne koyar da kisa? Mu fa abin da muka gani koyar da bincike ne, kuma shi ne abin da muka rasa a yankin nan. A Maris 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, ta ci waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. A 1992 aka yi ta Zangon Kataf. A Afrilu 2011, bayan zaɓe, kasuwarmu ta ƙone. Duk lokacin da aka tsinci gawa a gona, tambayar da ke fara fita daga bakinmu, mu da maƙwabtanmu, ita ce "wane addini ne, wace ƙabila ce?" Ba a tambayar wane mutum ne ya aikata, ina shaida. Yanzu kuma ga WhatsApp, hoto ɗaya ya isa a rufe shaguna. Ai mu muke cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Yaron da ya saba da labarin da ba a kama mutum sai da hujja, zai yi wuya a ja shi da jita-jita.

Akwai inda dattawanmu suke da gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba. Wanda bai karanta ba ya yi mana haƙuri, za mu faɗi ƙarshen labarin. Ratchett ɗin nan sunansa na gaskiya Cassetti, ya sace wata ƙaramar yarinya a Amurka ya kashe ta, ya kuɓuce wa shari'a. Mutum 12 da abin ya shafa suka haɗu suka rama, Poirot kuma ya gano su amma ya bar su suka tafi. Wannan ƙarshe ba mu goyi bayansa ba. Ramuwar gayya mun san ɗacinta fiye da marubuciyar, don a nan ba ta tsayawa a kan mai laifi, har jariri take ci. Amma a duba abin da ya haife ta a labarin: kotu ce ta kasa. Kwamitocin bincike nawa aka kafa a kan rikicin Kudancin Kaduna, kuma mutum nawa muka ga an hukunta da sunansa? Wannan muhawara ce da ya kamata yaranmu su yi a zaune da littafi a hannu, ba a bakin titi da gora ba.

Saboda haka roƙonmu shi ne a bar littattafan inda suke. Wanda ke da shakka ya ari ɗaya ya karanta, ko ya sa ɗansa ya fassara masa bayan sallar isha'i. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zauna da matasa a kan wannan littafi, kuma mun tanadi kujerun gaba don dattawan da suka kawo ƙorafin. Ku zo ku ji da kunnenku abin da yaran suka fahimta, sannan a yanke hukunci.

Allah Ya zaunar da Kafanchan da kewaye lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya