Nisa Ba Ya Soke Haƙƙin Maƙwabci

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:27-30, Luka 16:19-31

'Yan'uwa matasa cikin Kristi, gabashin Sakkwato ƙasar noma ce. Ga madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima, ga fadamun shinkafa na Wurno, ga albasa da tafarnuwa da ake lodi zuwa kudu. Amma a ƙauyuka da dama na Rabah da Goronyo, 'yan bindiga sun raba manomi da gonarsa. A Oktoban 2021 sun afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. Inda aka bar gona, rumbu kan bushe, tamowa ta kama yara.

Ana cikin haka sai ƙasashe masu arziki suka fara janye hannu. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta agaji, USAID. Birtaniya ta ce za ta rage tallafinta zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigarta, alhali tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da kashi 0.7, wato kobo 70 cikin kowace naira 100. A Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta a watanni shida na farkon 2025.

Wani zai ce, ai su ma suna da talakawansu, kuma shugabanninmu ne ya kamata su tsare gonaki. Gaskiya ne, nauyin farko yana wuyan gwamnatinmu, kada mu gaji da faɗa mata. Amma jaririn da ke kwance a asibiti bai zaɓi kowa ba, bai ci kuɗin kowa ba.

Da Agabas ya yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya ba su tsaya lissafin nisan Yahudiya ba. Kowa ya ba da daidai ƙarfinsa, aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Mai arzikin da Yesu ya ba da misalinsa bai doki Li'azaru ba, bai kore shi ba. Yana dai wuce shi kullum a ƙofar gida, wannan ya isa hukunci. Yau hoton yaron Goronyo kan isa Landan cikin minti ɗaya, don haka ba mai cewa bai gani ba. Mun gaskata ƙasar da Allah ya cika wa rumbu bashi ne a kanta ta ciyar da mai yunwa, ko da teku ya raba su.

To, mudun da muka auna musu da shi za a auna mana. In Landan ba ta da hujjar nisa, mu fa da muke jiha ɗaya da Wurno? Yawancin waɗanda ke cikin wannan hali Musulmi ne, kuma Basamariye bai tambayi addinin wanda ya tarar a hanya ba. Ranar Lahadi kowa ya zo da mudun gero ko na wake, mu kai wa 'yan gudun hijirar da ke kusa da mu.

Addu'a: Ya Uba, ka taɓa zuciyar masu mulkin manyan ƙasashe, ka mai da manoma gonakinsu lafiya, ka buɗe hannunmu. Cikin sunan Yesu, Amin.