Daga District 9 zuwa Rigasa: me wayar ɗan aike za ta yi?

Duk matashin da ke ƙona data a kan finafinan sararin samaniya ya san wannan wurin. An kama halittun wata duniya ko an ritsa su, kwamanda ya ba da umarni a gana masu azaba, sai kyamara ta koma kan fuskar ƙaramin ma'aikaci ɗaya da jikinsa ya yi sanyi. A Avatar na 2009, matuƙiyar jirgi Trudy ce ta ƙi buɗe wuta, ta juya jirginta. A District 9, da shi ma ya fito a shekarar, Wikus da dariyarsa ya sa aka ƙona ƙwayayen baƙin halittu a sansaninsu na Johannesburg, bai farga ba sai ranar da aka ɗaure shi aka tilasta masa harbe ɗaya daga cikinsu. Fim ɗin nan ne Dora Akunyili, tana ministar yaɗa labarai, ta nemi a daina haskawa saboda yadda ya zubar da mutuncin 'yan Najeriya, kuma tana da hujja.

Mai kallo a Kawo ko Unguwar Rimi yakan ɗauka da shi ne a jirgin, irin Trudy zai yi. Abin da wuya. A 1961, Stanley Milgram na jami'ar Yale a Amurka ya sa mutane suna danna wa wani wutar lantarki, ta bogi ce amma ba su sani ba, bisa umarnin wani mai rigar ɗakin bincike. Cikin mutum 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe. Da yawansu gumi suke yi, hannu na rawa, suna gunaguni, amma suka ci gaba da dannawa. Damuwar zuci kusan kowa yana da ita. Tsayawar ce ke ƙaranci.

Ba sai an shiga kumbo ba kafin a ga haka. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawa iyayensu ne suka kai su don gyaran tarbiyya. Gida irin wannan mutum ɗaya ba ya iya tafiyar da shi. Akwai mai kulle mari, akwai mai raba abinci, akwai mai tsaron ƙofa, kuma da wuya a ce cikinsu babu wanda ransa ya taɓa sosuwa. Sai da labari ya fita waje sannan ƙofa ta buɗe, daga nan aka bankaɗo irinsa a Daura da Zariya.

A nan waya ta shigo. Hotunan gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi, sojojin Amurka da ke cin zarafin fursunoni ne suka ɗauke su da kyamarorinsu, don nishaɗi. A Janairun 2004 wani ƙaramin soja, Joe Darby, ya sami hotunan a faifai, ya miƙa wa masu bincike. Hotuna ɗaya ne, a hannun wancan abin dariya, a hannun wannan shaida. Bai sha da daɗi ba: sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya ambaci sunansa a bainar jama'a, dole aka ba shi da iyalinsa kariya, suka bar garinsu.

Yau idan aka kama wanda ake zargi da ƙwacen waya a unguwa, akwai mai duka, akwai kuma yaron da aka ce wa ya ɗauki bidiyo. Shi ma yana cikin ma'aikatan jirgin. Ɗora bidiyon a TikTok da fuskar wanda ake duka ƙarin wulaƙanci ne, ba taimako ba. Abin da ke da amfani shi ne a adana asalin fayil ɗin, a tura shi a matsayin takarda idan ta WhatsApp ne, don turawa ta yau da kullum tana matse bidiyo ta rage ingancinsa, sannan a kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko wani lauya, ba zauren abokai ba.

Masu cike fom na NDA da kwalejin 'yan sanda ta Kaduna, har da 'yan sintirin unguwa, ya kamata su san dokar hana azabtarwa ta 2017. Hukuncinta yana kai ɗaurin shekara 25, kuma cewa oga ne ya ba da umarni ba ya wanke kowa a gabanta. Wanda kuma ba shi da ƙarfin tsayawa gaban taro, lambar gaggawa ta 112 ba ta cin kati.