Amosanin Gaɓɓai: A Riƙa Auna Ƙashi Kafin Yatsu Su Karkace

A Abuja, idan mace ta wayi gari da yatsu a kumbure kuma a sandare, galibi akan ce mata sanyi ne, sai ta nufi kyamis. A can za a ba ta prednisolone, ciwon ya lafa, ta ɗauka ta warke. Alhali mai yiwuwa tana ɗauke da nau'in amosanin gaɓɓai da garkuwar jiki ke afka wa mahaɗar ƙashi a cikinsa, ta riƙa zaizaye gefen ƙashin a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 18 ne ke fama da wannan cuta a shekarar 2019, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne.

Lafawar ciwo ba ta nuna halin da ƙashi ke ciki. Shi ya sa tun 1971 likita John Sharp ya fito da tsarin bai wa hoton X-ray na hannu maki gwargwadon zaizayar ƙashi da ƙuntatar mahaɗa, daga baya Désirée van der Heijde ta ƙara da hoton ƙafa. Idan aka kwatanta hoton bana da na bara, likita zai san ko magani irin methotrexate ya tsayar da ɓarnar ko sai an sauya shi. Na'urar DEXA kuma tana auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya, wanda cutar da kuma doguwar shan prednisolone ke raunana shi.

Wasu za su ce a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara, wannan almubazzaranci ne. Amma ɓarnar takan fara ne cikin shekaru biyun farko, kuma da wuya ƙashin da ya zaizaye ya koma yadda yake. Hoton hannu ya fi araha nesa ba kusa ba a kan tela ko mai abincin sayarwa da ta rasa sana'arta.

Saboda haka ya kamata Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta wajabta rajista da tsarinta, ta tabbatar duk wanda aka gano yana da cutar an ɗauke shi hoton hannu da ƙafa tun farko, a maimaita lokaci-lokaci. Cibiyoyin lafiya a matakin farko a Kuje, Bwari da Kwali su riƙa tura mai kumburin gaɓɓai da ya kai makonni shida zuwa Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ba tare da ɓata lokaci ba.