'Yan Daudu Da Tarzomar Stonewall

A daren 28 ga Yuni 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall Inn a birnin New York. 'Yan luwaɗi da 'yan maɗigon da ke ciki suka yi turjiya, aka shafe kwanaki ana artabu. Ƙungiyar Mattachine, wadda Harry Hay ya kafa a 1950, ta riga ta koma lallashin hukuma. Matasan da suka kafa Gay Liberation Front bayan tarzomar suka ce lokacin lallashi ya wuce.

A ƙasar Hausa abin bai bi wannan hanya ba. 'Yan daudu sun daɗe suna tuya da dafa abinci a kasuwanni da tashoshin mota, ba ƙungiya, ba zanga-zanga. Da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, kamar yadda Rudolf Gaudio ya nuna a littafinsa na 2009 kan Kano. Zama ne na kau da kai: a tsokane su, a sayi abincinsu.

Shari'ar da aka ƙaddamar a 2000 ta tarwatsa wasunsu. Sa'an nan dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, shekara 10 ga mai kafa ƙungiya ko mara mata baya. Taraba ba ta cikin jihohin Shari'a, amma dokar tarayya ta iso har kasuwar Jalingo. Ma'aikatan lafiya masu yaƙi da ƙanjamau kuwa sun koka cewa tsoro ya hana mutanen nan zuwa gwaji.