Alhaji, Karenka Ne, Haƙƙin Kuma Yana Wuyanka

Tun da tsaro ya taɓarɓare a jihar nan karnuka suka yawaita a gidajen Kaduna ta arewacin kogi. Daga Unguwar Rimi zuwa Malali, daga Unguwar Dosa zuwa Kawo da Mando, wanda Allah ya hore wa ya ƙara wa katangarsa tsawo, ya ɗora waya mai ƙaya, sannan ya aika a sayo masa kare. Ban ga laifin kowa a nan ba. Duk wanda ya ga yadda ake bin mutane har gida ana ɗaukewa, dole ya nemi abin da zai farkar da shi cikin dare. Abin da ke ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo bayan sayen. A wuni ana azabtar da dabba, dare ya yi a sake ta kan bayin Allah, kuma da yawa cikin masu karnukan nan ko sau ɗaya ba su taɓa kai ta an yi mata allura ba.

Leƙa bayan ɗakin maigadi a irin waɗannan gidaje a watan Afrilu. Za ka tarar da kejin ƙarfe da rufin kwano, a tsakiyar rana, kare a ciki ko juyawa ba ya iya yi da kyau. Kwanon ruwansa ya bushe har gansakuka ta kama gindinsa. Kunnuwansa cike da kaska, ƙuda sun cinye bakin kunnen har jini, yana kwance cikin kashinsa, harshe a waje yana haki. Kare ba ya gumi ta fata yadda muke yi, da hakin nan yake sanyaya jikinsa, shi ya sa zafi ke kashe shi cikin ɗan lokaci. Wani ma irin mai tulin gashi ne da asalinsa duwatsun ƙanƙara, an sayo shi da kuɗi mai yawa don a ce gidan wane akwai karen Turawa, aka zo aka gasa shi a kwano. Abincinsa ragowar tuwo da miya mai albasa, alhali albasa tana lalata jinin kare. In ya kwanta ciwo a ɓallo masa maganin ciwon kan mutane a tura masa, wanda kan iya ƙona masa hanta ko ƙoda. Umurnin da aka ba maigadi kuwa ɗaya ne: kada ya bari ya saba da kowa, a bar shi da yunwa, a riƙa dukansa, don ya yi zafi. Har akwai masu zuba masa barkono ko wiwi a abinci. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma jahilci ne.

Karen da aka yi wa haka tsoro ne ya cika masa ciki, kuma kare mai tsoro ba ya bambance ɓarawo da baƙo. Wa yake samu idan aka buɗe masa ƙofa ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka manta ba a mayar da shi ba? Dattijon da ya fito sallar asuba da tocila a hannu. Mai garuwa da ya yi sammako. 'Yar tallar koko. Almajirin da ya tsaya a bakin ƙofa da robarsa yana cewa iya ko ɗan ƙanzo. A unguwarmu na tsaya a kan wani yaro da kare ya yaga wa ƙwauri, maƙwabta suka je suka yi sallama da mai karen. "Alhaji, karenka ya ciji yaro." Daga cikin mota ya amsa: "Ai ba ya cizo, sai dai in tsokanarsa aka yi." Da aka tambayi katin allura sai ya ce maigadi ne ya san wannan. Ya miƙo 'yan kuɗi wai a sai wa yaro magani a kemis, ya ɗaga gilashi. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan Alhaji ne ya ɗebo, bakin ɗan talaka aka ɗura wa.

Mutanenmu ba su ɗauki cizon kare da girman da yake da shi ba. Ciwon haukan kare, da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake ɗauka. Mugun halinsa shi ne laɓewa. Ƙwayar cutar tana shiga da miyau, ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa, ta yi wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, kowa ya manta. Sai ranar da yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ƙishi na cinsa amma da ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe. A lokacin sai a ce iska ce ko sammu, a kama hanyar gidan mai magani, har a binne shi ba wanda ya tuna karen.

Abin takaicin, maganin wannan bala'i ya girmi kakanninmu. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da allura a Faransa. Nan kusa da mu, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom wajen Jos ta daɗe tana yin allurar rigakafin karnuka. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya, likitocin dabbobi kuma ga su nan a cikin garin Kaduna. A yi wa kwikwiyo allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, a ajiye kati. Shi ke nan. Masana sun nuna idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar kan yanke. Mutumin da zai iya sayen kare na dubban ɗaruruwa ya ce mini kuɗin allurar shekara ne ya gagare shi? Rainin ran mutane ne kawai.

Iyaye, ku riƙe wannan. In kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, nan take, kafin a tsaya neman mai kare. Kada a zuba toka ko barkono ko ruwan batir, kada a ɗaure. A wuce asibiti a ranar, ko Barau Dikko ko babban asibitin Kawo ko wanda ya fi kusa, a faɗi cewa kare ne, a nemi allurar haukan kare. Allurar tetanus daban take, ba ta tsare wannan. Ta haukan kare allurai ne da ake yi a ranaku daban-daban, kuma sai an cika su. Karen kuma a tsare shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, amma kada a jira kwanakin kafin a fara wa yaro allura. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muryarsa ta canza, yana cizon itace da ƙarfe, ko ya yi laƙwas haɓarsa ta saki, kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale.

Akwai masu fakewa da addini, su ce ai kare ne, ƙazami, me za a tausaya masa. Ina suka karanta haka? A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, kare mai rai jikinsa da miyansa masu tsarki ne. Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo. Hadisi ingantacce ya ba da labarin wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Haka kuma an yi gargaɗi cewa ajiye kare ba da buƙata ba yana rage lada kullum. In ba ka da buƙata, kada ka ajiye. In ka ajiye, cinsa da shansa da inuwarsa da lafiyarsa suna wuyanka, kuma za a tambaye ka.

Horon ma ba sai an je wata ƙasa an koyo ba. Dubi mafarautanmu da makiyaya. Karensu ya san sunansa, ya san kiran maigidansa cikin karnuka ashirin, yana tafe cikin garke ba ya taɓa ɗan maraƙi, saboda tun yana kwikwiyo tare suke wuni. Watanni ukun farko su ne ginshiƙi: ya ga yara, ya ga baƙi, ya ji ƙarar babur da janareta, ya san mutanen gida. A koya masa zo, zauna, bari, da kalma ɗaya wadda ba ta canzawa, minti kaɗan kullum, in ya yi daidai a ba shi ɗan nama. A fita da shi da igiya a wuya ya motsa jiki. Kada a doke shi don ya yi gurnani, domin gurnanin gargaɗi ne, in ka kashe gargaɗin da sanda gobe cizo zai yi ba sanarwa. Aikin karen gida shi ne ya yi haushi ya tashe ka, a cikin katangarka.

Mu ma sauran jama'a da namu. Yaranmu na jifan duk karen da suka gani, manya na kallo suna dariya. A hana su. A koya musu kada su kusanci kare yana cin abinci, ko karya mai jego, in kuma ya taso musu su tsaya cik, hannu a jiki, kada su zura masa ido, kada su ruga.

Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ake tunawa da wannan cuta a duniya, kuma ƙasashe sun sa wa kansu 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa da ita ta hanyar kare. Jawabin rana ɗaya ba zai kai mu can ba. Ina kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su bi unguwa-unguwa da allurar karnuka, su tabbatar allurar mutane tana nan a asibitocin gwamnati a farashin da mai garuwa zai iya. Limamai su faɗa a huɗuba. Masu unguwanni su san kowane gida mai kare, su nemi ganin kati duk shekara, ko gidan wane ne. Wanda kuma karensa ya fita ya yi cizo, shi zai biya kuɗin allura tun daga ta farko har ta ƙarshe, a gaban mai unguwa, in ya ƙi a kai shi gaban alƙali.