Sharhi: Farautar Farkon Kaka A Kuki Da Kewaye Da Buƙatar Gyara Daji Kafin A Ɗauki Baka

Kamar yadda aka saba a kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, aka gama ɗaure gero, dawa kuma ta fara nuna, hankalin mafarauta a Kuki da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi yakan koma daji. A wannan lokaci ne ake ɗauko baka daga inda aka rataye shi tun faɗuwar damina, a sake masa tsirkiya, a wasa kibau, a fara ba karnuka horo. Sai dai kuma waɗannan makonni na farkon kaka su ne suka fi kowane lokaci jawo asara da rigima tsakanin mafarauci da manomi da makiyayi, wanda hakan ya sa ya zama wajibi a dubi lamarin tun kafin a kaɗa gangar fita.

Farauta dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tarihin baka ya nuna cewa shi kansa garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi mai suna Ma, wanda ya zauna a kan dutsen da ke tsakiyar garin. Har ila yau, sarautar Sarkin Baka da ake samu a garuruwan ƙasar Hausa shaida ce ta cewa sana'ar tana da shugabanci da ƙa'idoji tun fil azal. Maharbin da muka taso muka gani mutum ne mai fita shi kaɗai ko su biyu, da kwarinsa da bakansa, ya shafa wa kibiya dafin kwankwani, ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yi ta rarrafe cikin ciyawa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsun har ya kusanci barewa, domin kibiya ba ta cin dogon zango. Yakan yi wuni guda a kan dabba ɗaya, wani lokaci ma ya dawo hannu rabbana. Wannan wahala ita ce ta zame wa namun daji garkuwa, domin mai baka yana da lokacin da zai bambance namiji da mace, ya gane mai ciki da mai shayarwa, ya ƙyale su.

Abin da ake gani a yau ya sha bamban. Farautar gayya, wadda a da ake yin ta a ƙafa bayan an kammala kawar da amfanin gona, yanzu a kan babura da motoci ake zuwa, da garken karnuka da bindigogin adaka da fitilu masu kashe ido. Kare ba ya tambayar shekarun abin da ya kama, haka ita ma wuta. Barewa kuwa takan yi kimanin wata 6 da ciki, kuma galibi ɗa ɗaya take haifa, saboda haka duk macen da aka kashe giɓi ne da ba ya cikewa da wuri. Zabin daji su ma da damina suke ƙyanƙyasa, ke nan a farkon kaka 'ya'yansu ba su gama ƙwari ba. Ba abin mamaki ba ne da gwanki da kanki suka zama sai dai labari a bakin dattawa, ganin barewa ko gada ya zama abin ba da labari a kasuwa, mafarauci kuma ya koma bin zomo da gafiya da kurege da damo.

Babbar matsalar farkon kaka ita ce wuta. Mafarauta kan cinna wa ciyawa wuta domin su koro dabbobi fili, alhali a watannin Oktoba da Nuwamba dawa tana tsaye a gona, wake bai gama bushewa ba, ba a tsince auduga ba, harawa da karmami kuma suna shanye. Da iskar hunturu ta taso, wutar da aka kunna saboda zomo ɗaya tana iya lashe wahalar damina guda ta magidanci. Shi ma makiyayi ciyawar da ta ƙone ita ce abincin shanunsa har zuwa bazara, kuma idan ya rasa ta a daji, gonakin noman rani na bakin kogin Karaɗuwa da madatsar ruwa ta Zobe zai nufa, daga nan sai wata sabuwar fitina ta tashi.

A nan akwai wata hujja da wasu mafarauta ke kawowa wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Sukan ce wutar farkon kaka ba ta kai ta tsakiyar rani zafi ba, tunda ciyawa tana da sauran danshi, don haka ba ta kashe itatuwa. Masana gandun daji ba su musanta wannan ba, hasali ma akan yi irin wannan ƙuna da gangan a manyan dazuzzuka domin rage ƙarfin gobarar da ka iya tashi daga baya. To amma wannan aiki ne na ma'aikatan gandun daji, a wurin da aka shata, a ranar da aka zaɓa. A yanki irin namu, inda gona ta haɗe da gona, abin da ya saura na daji kuma bai wuce makiyaya da burtali da gindin duwatsu ba, babu inda za a kunna wuta a ce ba za ta taɓa dukiyar wani ba. Bugu da ƙari, jami'an kiwon lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa ƙona daji yana koro ɓeraye zuwa cikin gidaje da rumbuna, kuma ta hanyar ɓera ne ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a shekarar 1969, ya kuma fi tsananta a lokacin rani.

Sai kuma batun tsaro, wanda a ganina shi ne ya sauya komai. Idan ba a manta ba, matsalar 'yan bindiga da ke fakewa a dajin Rugu ta kai ga a shekarar 2021 gwamnatin jiha ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan wayar salula na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. A watan Oktoba na 2023 kuma, Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa sama da 1,400 a rukunin farko. A irin wannan yanayi, ayarin mutane a kan babura ɗauke da makamai, sun doshi ƙauyen da bai san da zuwansu ba, yana iya sa mata da yara su watse cikin daji, ko kuma masu tsaron garin su buɗe wuta kafin a tsaya tambaya. Abin takaicin da ya faru a garin Uromi na Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano domin yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki, babu abin da zai halatta shi. Amma ya nuna irin haɗarin da mafarauci ke ciki a duk inda ba a san shi ba.

Dokoki kam akwai su. Dokar namun daji ta tsohuwar Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi gida-gida, wasu an haramta taɓa su, wasu kuma sai da lasisi. Akwai dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, akwai ƙa'idojin 2011 da suka hana cinna wa daji wuta ba tare da izini ba, sannan dokar makamai ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar adaka a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gaskiyar magana ita ce, mafarauta ƙalilan ne aka taɓa karanta wa waɗannan dokoki da Hausa, kuma wannan laifi ne da mu jami'an yaɗa labarai muke da kaso a cikinsa.

Yana da kyau a dubi yadda wasu suka yi. A ƙasar Amurka, wata irin barewa mai farar wutsiya ta ragu zuwa ƙasa da rabin miliyan a wajajen shekarar 1900, amma a yau ana ƙiyasta ta kai kimanin miliyan 30. Abin da suka yi shi ne kowace jiha ta tsayar da ranar buɗe farauta da ranar rufewa, ta ƙayyade yawan dabbar da mutum zai kashe, a jihohi da dama kuma masu baka ne ke fara shiga a watan Satumba ko Oktoba, kafin masu bindiga. Wata doka ta 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, daga baya aka haɗa da baka da kibiya, kuɗin kuma yana tafiya ne wajen raya dazuzzuka. Maharbin can yakan shafe watanni yana shuka wa barewa abinci a filinsa, yana tanadar mata mashaya, kafin ya harba kibiya ɗaya. Ba sai ma an je nesa ba, a maƙwabtanmu na Jihar Maraɗi akwai gandun dajin Gadabeji da aka keɓe tun 1955, wanda kulawar da ya samu ta sa a shekarar 2018 aka mayar da raƙuman dawa 8 cikinsa. A nan gida kuma, dajin Kogo na Ƙaramar Hukumar Faskari yana cikin dazuzzuka 10 da gwamnatin tarayya ta amince a shekarar 2020 a ɗaga darajarsu zuwa gandun daji na ƙasa.

Babu mai cewa manomin Kuki ya shuka wa barewa wake alhali iyalinsa na jira. Gyaran dajin da ya dace da mu ya fi wannan sauƙi, kuma ba ya buƙatar wani kasafin kuɗi, sai dai Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kamata ya yi tun a watan Satumba dagatai da masu unguwanni su zauna da Sarkin Baka da Sarkin Noma da Arɗo, tare da malamin daji na ƙaramar hukuma, su tsayar da ranar da za a fara farautar gayya, kuma kada ranar ta zo sai an shigar da dawa rumbu. Kafin ranar, a yi gayya a share fili mai faɗi tsakanin gonaki da daji domin tare wuta, a kuma ware wani sashe, musamman kewayen tafkuna da gindin duwatsu inda dabbobi ke sha da haihuwa, a ce bana ba a shiga nan da kare ko bindiga, baɗi a sauya wani. Idan akwai wanda za a yi wa sassauci a farkon kaka, to mai baka ne da ke fita shi kaɗai, wanda ba ya buƙatar wuta, shi ma bisa sharaɗin barin mata da ƙanana.

Sauran aikin yana wuyan majalisun ƙananan hukumomin biyu da fadar Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi. Su ne za su iya sa a rubuta sunayen mafarautan kowace gunduma, daga Kuki da Karofi da Makera zuwa Wurma da Birchi da Rawayau, a ba kowa katin shaida mai hoto, a taimaka wa masu adaka su nemi lasisi. Duk ayarin da zai ƙetara zuwa ƙasar wani dagaci kuma, a aika da sanarwa ga dagacin da ofishin 'yan sanda da jami'an rundunar tsaron al'umma tun ana sauran kwana biyu ko uku, a faɗi yawan mutanen da za su fita, da dajin da suka nufa, da lokacin da ake sa ran dawowarsu.