A Kai Ɗalibanmu Bakin Ruwa Su Gani da Idonsu

Muna kira ga malaman makarantun Islamiyya na ƙasar Daura da su sake duba inda suke kai ɗalibai ziyarar ƙaro ilimi. Sau da yawa tafiyar ba ta wuce Rijiyar Kusugu, inda yara ke sauraron labarin Bayajida da macijiya, har su ga wasu manya suna ɗibar ruwan don neman tabarruki, abin da ba shi da asali a Sunna.

Alhali ga madatsar ruwa ta Sabke a Mai'aduwa, ga ta Daberam wajen Dutsi. Yaron da ya karanta a Ishmawi hukuncin ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya jirkita, a kai shi can, bisa kulawar malamai, maza daban mata daban, ya ɗebo a kwalba ya duba. Masunta su nuna masa tarwaɗa da karfasa, su bayyana masa yadda koma mai ƙananan idanu ke ƙarar da kifi. Ya ga yadda yashi ke cike madatsa idan an sare itatuwan gefenta, sannan ya dasa darbejiya da hannunsa.

Ya 'yan'uwa, iyayenmu sun ɗanɗani farin 1973 da na 1984. Ruwa amana ne da za a tambaye mu a kansa, kuma yaron da bai san darajarsa ba ba zai kiyaye shi ba. Allah Ya sa mu dace.